ZAƁEN MAI RIƘON ADIRESHIN KASUWANCI A INTANET

Kasuwar shanu ta Mubi, a Jihar Adamawa, ta daɗe tana haɗa fatake daga Kamaru da Cadi da masu saye daga kudancin ƙasar nan. A yau ciniki ya wuce bakin kasuwa. Ɗan kasuwa a Mugulbu, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, yana iya buɗe shafi a intanet, mai saye a Legas ya ga hajarsa. Sai dai shafi ba shi da amfani idan masu nema ba su same shi ba.

Yadda Ake Samun Shafi

Kowace kwamfuta da ke ɗauke da shafi tana da lambarta, mutane kuwa suna suke iya riƙewa. Saboda haka a shekarar 1983, a Amurka, Paul Mockapetris ya tsara hanyar da ake kira DNS, wadda ke haɗa suna da lambarsa kamar yadda littafin lambobin tarho yake yi. Akwai kamfanoni masu ajiye wannan bayani, suna amsa wa duk mai tambaya dare da rana. In suka yi shiru, shafi ya ɓace ke nan, wasiƙun ciniki ma ba za su iso ba, ko da kwamfutar da ke ɗauke da shafin lafiyarta ƙalau.

Hakan ta taɓa faruwa. Ran 21 ga Oktoba, 2016, miyagu suka mallake dubban na'urori, har da kyamarorin tsaro, suka sa su yi wa kamfanin Dyn na Amurka ruwan tambayoyi har ya kasa amsawa. Jama'a da yawa suka kasa shiga Twitter da Netflix da PayPal na sa'o'i. Waɗanda suka dogara ga Dyn shi kaɗai su suka fi jin jiki.

Abubuwan Da Ya Kamata A Duba

1. Yawan rassa. A tabbata kwamfutocin kamfanin suna ƙasashe dabam-dabam, domin in ɗaya ta tsaya sauran su ci gaba da aiki.

2. Yarjejeniya a rubuce. A karanta alkawarin da kamfanin ya ɗauka, da diyyar da zai biya in aikinsa ya tsaya, da hanyar samun ma'aikatansa cikin dare ko ranar hutu.

3. Tsaro. Kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba. A nemi kamfanin da ke buƙatar shaida ta biyu kafin a sake kome, wanda kuma yake da hatimin nan da ake kira DNSSEC, mai hana 'yan damfara karkatar da masu saye zuwa shafin jabu.

4. Mai riƙo na biyu. Kasuwancin da ya dogara ƙwarai ga shafinsa ya kyautu ya ajiye bayaninsa a wurin kamfanoni biyu.

5. Hanyar fita. A tabbata ana iya karɓar kwafin bayanin duka a koma wani kamfani ba tare da wahala ba.

Sunan Na Wane Ne?

Rajistar suna dabam take da riƙon adireshi, ko da yake sau da yawa kamfani ɗaya ne ke yin duka biyun. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, ta hannun dillalan da ta amince da su. Wajibi ne a rubuta suna da sunan mai kasuwancin kansa, ba da sunan wanda ya gina masa shafi ba. In ba haka ba, ranar da suka ɓata, mai kasuwanci zai tarar ba shi da iko da sunan da masu sayensa suka sani. Haka kuma a riƙa sabunta rajista kafin wa'adinta ya cika, domin sunan da aka yi wa sakaci yana iya faɗawa hannun wani.

Ana kira ga 'yan kasuwa, da masu yi musu wannan hidima, da kada su dubi sauƙin kuɗi kaɗai. Araha ba ta ado. A yi tambaya, a karanta takarda, sa'an nan a sa hannu.