Ma'aunan Nasarar Wasannin Bidiyo a Kasuwa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan hanyoyi uku da ake bi wajen gane ko wasan bidiyo ya ci kasuwa. Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomin "saya", "biya" da "rajista", domin kowace tana auna abu dabam.

1. Yawan kwafen da aka sayar

Wannan shi ne ma'auni mafi daɗewa. A shekarar 2023 an sanar cewa an sayar da kwafi sama da miliyan 300 na wasan Minecraft. Sai dai akwai bambanci tsakanin kayan da kamfani ya kai wa masu kantuna da waɗanda jama'a suka saya. A 1982 kamfanin Atari ya buga miliyoyin kwafen wasan E.T., amma da yawa suka yi kwantai, har aka binne wasu a wani juji da ke garin Alamogordo na Amurka a 1983. Haka kuma an sayar da Wii Sports fiye da miliyan 80, amma a ƙasashe da dama an haɗa shi ne da na'urar Wii, wato ba kowa ne ya zaɓe shi da kansa ba.

2. Masu biyan kuɗin wata

Wasu wasannin sai an biya duk wata ake yin su. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya kai masu biya miliyan 12 a 2010. Amfanin wannan ma'auni shi ne yana nuna waɗanda suka ci gaba da wasan, tun da wanda ya gaji zai daina biya.

3. Yawan 'yan wasa

Akwai wasannin da ake shiga kyauta, kamar Fortnite, wanda a 2020 aka ce mutum miliyan 350 sun yi rajista da shi. Amma rajista ba ta nuna wanda ke wasa kullum, kuma mutum ɗaya yana iya yin ta sau biyu. Shi ya sa ake ƙirga waɗanda suka shiga a rana ko a wata, da kuɗin da suke kashewa wajen sayen tufafi da kayan ado a cikin wasan.

Kammalawa

Babu ma'auni ɗaya da ya wadatar, kuma sai an cire kuɗin shiryawa da na talla kafin a san riba. A kan wannan riba kamfani ke yanke shawarar fitar da kashi na biyu ko sallamar ma'aikata. Saboda haka idan ɗalibi ya ci karo da wani adadi, sai ya tambaya: me aka ƙirga, wa ya ƙirga, kuma a wace shekara?