Keken Tsere da Keken Alkafura: Suna Ɗaya, Aiki Daban

Ranar 29 ga Yuli, 2024, a kan tudun Élancourt da ke wajen birnin Paris, tayar gaban keken Tom Pidcock ta sace ana tsakiyar tsere. Kafin a canza masa wata, Victor Koretzky na Faransa ya ba shi ratar fiye da rabin minti. Duk da haka ɗan Birtaniyan ya kamo shi, ya wuce shi a zagayen ƙarshe, ya ɗauki zinaren Olamfik karo na biyu. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku, kuma cikin wannan shekarar ya zama zakaran duniya a ƙasar Andora.

Abin da suka hau shi ake kira keken hawan tsauni. Sai dai akwai wani keken mai wannan suna wanda ba zai kai ko'ina ba a irin wannan tsere: na masu tsalle da alkafura, wasan da aka sani da silofsitayil.

Asalinsu ɗaya. A shekarun 1970, matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da aka yi musamman don wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa. Tseren ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Masu tsalle kuwa suka kama tasu hanya, har bikin Crankworx da aka fara a Whistler ta Kanada a 2004 ya zama babban dandalinsu.

Mai tsere yana shafe kusan awa ɗaya da rabi yana zagaya hanyar kilomita huɗu zuwa shida, hawa da gangara, duwatsu da saiwoyi. Babban abokin gabansa gajiya ce, don haka kowane sashe na kekensa an yi shi ne don tattalin ƙarfi. Gangar jikin keken ta zaren kabon ce, nauyinsa duka bai cika wuce kilo 10 zuwa 11 ba. Tayoyinsa manya ne, inci 29, saboda babbar taya ta fi saurin haye dutse ba tare da ta ci tura ba. Ba a sa musu tub. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa ciki, wanda ke toshe ƙananan huji da kansa. Iskar ma kaɗan ake sa musu, don tayar ta baje ta kama ƙasa. Giya 12 ne a baya, birki gaba da baya, sirdin kuma yana da maɓallin da ke saukar da shi idan an zo gangara.

Mai alkafura bai damu da gajiya irin wannan ba, domin wasansa ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Alƙalai ne ke ba shi maki cikin 100, bisa wahalar juyin da ya yi, da tsayin da ya tashi, da tsabtar saukarsa. Shi ya sa tayoyinsa ƙanana ne, inci 26: sun fi ƙarfi, sun fi sauƙin juyawa a sama. Ana cika su da iska tam, don kada su lanƙwashe a lokacin dira. Giyarsa ɗaya tak, saboda na'urar canza giya ita ce farkon abin da ke karyewa idan aka faɗi. Sau da yawa birkin baya kaɗai gare shi, da doguwar waya ko wata na'ura a wuyan keken, yadda hannun keken zai iya juyawa sau biyu ba abin da ya sarƙe. Sirdin a ƙasa yake, ba don zama ba, sai don matsewa da gwiwa. Gangar jikin kuwa yawanci alminiyom ce mai kauri.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wurin da suka fi kama da juna. Dukkansu sifirin ɗinsu na lotsawa kimanin milimita 100, ko ɗan sama da haka. Mai tsere yana barin nasa da taushi, ya shanye gargada taya ba ta rabu da ƙasa ba, har yana da maɓallin kulle shi a wurin hawa. Mai alkafura kuwa matse nasa yake yi ya yi tauri, domin sifirin mai taushi zai cinye ƙarfin da yake so ya harba shi sama. Aikin sifirin kawai ya cece shi idan dira ta yi muni.

Da keken alkafura Brandon Semenuk na Kanada ya ci gasar silofsitayil ta Joyride sau biyar, Nino Schurter na Suwizalan kuma ya zama zakaran duniya sau goma da keken tsere. Don haka mai neman saye ya fara tambayar kansa inda zai hau, kafin ya tambayi kuɗi.