Ƙari da Daji: Bambancin Kumburin Jikin Ƙananan Yara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana bambancin da ke tsakanin ƙari mai zaman wuri ɗaya da mugun ƙari a jikin ƙananan yara. A Nukkai da sauran unguwannin Jalingo, Hausa ce harshen da Fulani da Mumuye da Kona suke haɗuwa a kansa, a kasuwa ko a asibiti. Saboda haka, sunan da aka kira ciwo da shi yana da hannu wajen zaɓen inda za a kai yaro.

2.0 Kalmomi da Ma'anarsu

Bahaushe yakan ce kumburi, ko ƙari, ko daji, ko sankara. Kumburi ya haɗa har da maruru. Ƙari shi ne tsiron nama da ya taru a wuri guda. Daji kuwa, a bakin jama'a, ya ƙunshi kusan duk ciwon da ke cin jiki yana yaɗo, kuma akwai camfin cewa ba ya son allura. Wannan camfi ne ke tsare yara da yawa a gida har lokaci ya ƙure.

A wurin likitoci, ƙari iri biyu ne. Na farko yana girma a hankali, yana da iyaka, ba ya ƙaura zuwa wata gaɓa. Misalinsa shi ne jan tsiron jijiyoyin jini da ke fito wa jariri a makonnin farko, wanda galibi yakan janye da kansa. Duk da haka, irin wannan ƙari yakan yi illa idan ya danne ƙwaƙwalwa ko hanyar numfashi. Na biyu, wato sankara, yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, yana kuma bin jini zuwa wasu sassa.

3.0 Misalai Uku

Na farko shi ne ƙarin Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yakan kama muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi girgiɗi, kuma yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana da alaƙa da ƙwayar Epstein-Barr da aka gano a 1964, da kuma yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Amma magani na cin sa, kamar yadda aikin Farfesa Victor Ngu ya nuna a Ibadan, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972.

Na biyu shi ne sankarar ido, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Alamarta ita ce farin ƙyalli a tsakiyar ido, kamar na kyanwa da dare. Na uku shi ne ƙarin Wilms na ƙoda, wanda uwa kan ji shi da tauri a cikin yaro lokacin wanka, sau da yawa ba tare da zafi ba.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Ido da hannu ba sa raba gardama, sai an ɗebi ɗan nama an duba shi a madubin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma ba su kai kashi 30 ba a yawancin ƙasashe matalauta, kuma jinkiri na cikin dalilan. Don haka, duk ƙarin da ke girma da sauri, ko ya zo da rama da zazzaɓi mai naci, a garzaya da yaron Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo kafin a yi masa tsaga ko shafe-shafe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.