Motocin Abinci a Wajen Biki: Kada Mu Gayyaci Jama'a Mu Tura Su Asibiti

Jama'a, wata fitina ta shigo bukukuwanmu a kan taya huɗu, kuma mu muka buɗe mata ƙofa da hannunmu.

Motar abinci ce. A ɗauko ta haya, ta zo ta tsaya a bakin ɗakin taro ko a filin biki, ta ɗaga taga, ta hau miƙo wa baƙi shawarma da soyayyar shinkafa da kaza da salak. A Legas da Abuja abin ya zama ado. Yanzu yayin yana hawowa sauran manyan biranenmu. Kamu, dina, walima, taron ma'aikata, bikin kammala makaranta, duk ana kiran ta.

Fenti mai ƙyalli. Fitilu kala-kala. Samari da farar hular kuku. Hoto ya yi kyau a Instagram.

To, wa ya leƙa ciki?

Mai biki bai leƙa ba. Uwar amarya ba ta leƙa ba. A waya aka ga motar, a waya aka yi ciniki, a waya aka tura kafin alƙalami. Ba a san inda aka yanka kazar ba. Ba a san ruwan da aka wanke kabejin da shi ba. Ba a san ko mai yanka albasar da gudawa ya kwana ba. A haka aka ɗauki cikin mutum ɗari uku, da tsofaffi da masu juna biyu da yara, aka damƙa wa wanda ko gidansa ba a sani ba.

Wannan ba ci gaba ba ne. Ganganci ne.

Kada wani ya ɗauka ciwon ciki ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci yake kwantarwa duk shekara, 420,000 daga cikinsu kuma suna rasa rayukansu. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar 125,000 ne a cikin mamatan. Yankin Afirka kaɗai yana ɗauke da marasa lafiya miliyan 91 da mamata 137,000 a shekara. Mu ne a kan gaba. Kuma mu ne muke ƙara wa wutar itace.

Ku dubi yadda ranar biki take tafiya, kowa ya sani. An dafa shinkafa tun da asuba. An zuba a kula. An loda a mota da hantsi. An shiga cunkoso. A kati an rubuta ƙarfe huɗu, amarya ba ta iso ba sai bayan isha'i. Duk wannan lokacin abinci yana zaune a cikin akwatin ƙarfe, a garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watan Afrilu.

Ƙa'idar masana lafiya ba ta da wuyar ganewa. Dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Abin da ke tsakani, nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasunsu suna ninkawa duk minti 20. Ku yi lissafin da kanku. Ƙwaya ɗaya a cikin awa shida ta haura 260,000.

Sai a ce ai za a ɗumama. Ɗumame ba ya ceton kowa a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da take zama a shinkafa, dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta saki dafi, dafin kuma wuta ba ta kashe shi. Akwai wata da take zama a hanci da fatar mutum lafiyayye, ta bi hannun mai girki ta shiga nama ko salak, ita ma dafinta ba ya jin wuta. Abincin ba zai yi wari ba. Ba zai canza launi ba. Ɗanɗanonsa garas. Bayan 'yan awoyi sai amai.

Salak mai mayonis kuwa, wanda ko wutar ba ya gani, ba sai an faɗa ba. Firjin motar da janareto yake aiki. Mai ya yi tsada. Wa ya tabbatar ba a kashe shi ba tun da rana don a rage asara?

Sai ruwa.

Tankin mota ƙarami ne. Baƙi ɗari uku ba su san haka ba. Idan ya ƙare, ba a rufe taga a ce an tashi. Ɗan garuwa ake kira, ko a ɗebo daga duk famfon da ya fi kusa. Bokiti ɗaya shi ne na wanke wuƙa, shi ne na wanke hannu, shi ne na ɗauraye tumatir. Hannun da ya taɓa ɗanyar kaza shi ya naɗe shawarma, shi ya ɗaga waya, shi ya share gumi. Ina ma'aikatan suke kewayawa idan ta matsa? Ina sabulu? Ba mai tambaya.

Mu da muka ga 2021 bai kamata a tuna mana ba. A shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu. Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Kwalara ta baki take shiga, ta ruwa da abinci. Taifot ma haka, kuma akwai mai ɗauke da ita a jikinsa shekara da shekaru ba ya jin komai, yana girki yana rabawa.

A watan Maris na 2021 ɗin ne kuma aka yi ta kwasar mutane zuwa asibitocin Kano suna amai suna fitsarin jini. Da aka bi diddigi, sai ga garin haɗa lemo da wa'adinsa ya wuce, da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Ɗaruruwa suka kwanta. Wasu ba su tashi ba. Yanzu ku tambayi kanku: zoɓo da lemon da ake miƙowa ta tagar mota a kofin roba, da me aka haɗa su? Ƙanƙarar da ke ciki, da wane ruwa aka daskarar da ita?

Wannan na ciki ke nan. Akwai na wuta.

Kusan kowace motar abinci tana ɗauke da tukunyar gas, sau da yawa fiye da ɗaya, kusa da kaskon mai yana tafasa, kusa da janareto da jarkar fetur. Sannan a kawo ta a ajiye a gindin rumfar tamfol, a bakin ƙofa ɗaya tilo da jama'a za su fita. Yara sun yi layi. Mata da mayafai suna ta wucewa.

A watan Yulin 2014, a birnin Filadelfiya na Amurka, tukunyar gas ɗin wata motar abinci ta fashe a kan titi. Mai motar da 'yarta suka rasu sakamakon ƙuna, mutane da dama suka jikkata. Tukunyar ta tsufa, ba a sake gwada ta yadda doka ta ce ba, kuma aka ci gaba da ɗura mata gas. A Amurka fa, inda ake da masu bincike da lasisi da tara. Balle nan, inda tsohuwar tukunya take shan sabon fenti ta koma kasuwa. Mutanen Kaduna ba su manta da Sabon Tasha ba, inda shagon ɗura gas ya fashe a Janairun 2020 ya hallaka mutane, har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Gas ba ya tambayar muƙami. Ba ya tambayar ko ranar farin ciki ce.

Amma duk waɗannan ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne shirunmu.

Da, girkin biki a tsakar gida ake yi. Gwaggo tana kan tukunya, inna tana kan miya, maƙwabta sun kawo hannu. Ba a ce tsaftarsu ta kai ta asibiti ba. Amma mai girkin daga tukunyar take ci, 'ya'yanta ma daga nan suke ci, kuma gobe tana nan a unguwa, kowa ya san ƙofarta. Idan wani abu ya faru, kafin azahar an san daga inda ya fito.

Mota kuwa da an tashi ta tada inji ta tafi.

Baƙi ma sun watse. Wannan ta koma Hotoro, wancan Kurna, wasu Ɗorayi, wasu sun kama hanyar Zariya da Katsina. Cikin dare ciki ya murɗa. Kowa a ɗakinsa, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Da safe a aika kemis. A ce maleriya ce. A ce sanyi ne. A ce bakin mutane ne, don an yi kwalliya an fita. A wani gidan ma a ɗora wa kishiya ko dangin miji, a ƙulla gabar da za ta shekara ba ta warware ba. Mutum arba'in sun kwanta daga tukunya ɗaya, kuma babu wanda ya haɗa lissafin.

Mai biki shi yake iya haɗawa, domin shi ake bugawa waya ana ba shi labari ɗaya bayan ɗaya. Sai kunya ta kama shi. Kada a ce a bikin 'yarsa aka ci guba. Kada surukai su ji. Ya ja bakinsa ya yi gum, ya ce ƙaddara ce.

Ranar Asabar mai zuwa motar tana wani bikin.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta. Duk wanda ya san abincin bikinsa ya kwantar da mutane ya ɓoye, da hannunsa a cikin duk abin da ya sami mutanen biki na gaba. Idan yaron wani ya mutu a can, shirunsa yana cikin abin da ya kashe shi. Imani da ƙaddara bai taɓa zama izinin sakaci ba.

Hukuma fa? A da duba-gari yana shiga har madafi, yana buɗe randa, mata suna jin an ce ga shi nan su hau shara. Yau ga kicin sukutum yana yawo a kan titi. Ya dafa a Kumbotso, ya raba a Nassarawa, ya kwana a Fagge. Wace ƙaramar hukuma ce za ta ce nata ne? Kowa ya bar wa kowa.

Akwai masu wannan sana'a da suke tsoron Allah, suna kashe kuɗi a kan sanyi da ruwa mai kyau da gwajin lafiyar yaransu. Su ma cutarsu ake yi, domin mai algus kullum ya fi araha, mu kuma araha muke bi. Mutum zai kashe miliyoyi a kan ado da kujeru da mai hoto, sannan ya tsaya yana taya kuɗin faranti har sai mai girki ya rage inda ido ba ya gani. Inda ido ba ya gani kuwa shi ne firji da ruwa da sabulu.

Saboda haka ya zama wajibi mu farka.

Ya zama wajibi duk mai shirya taro ya taka da ƙafarsa ya ga motar kafin ya biya ko sisi. Ya shiga ciki. Ya buɗe firji ya sa hannu. Ya ga tankin ruwa da wurin wanke hannu. Ya je inda ake ainihin dahuwar, domin sau da yawa ba a motar ake yi ba, a wani lungu ne. Ya nemi takardar rajista da ta gwajin lafiyar ma'aikata, da adireshin da za a iya samun mai motar gobe. Wanda ya ce ba a shigar masa mota, ya riga ya ba ka amsa.

Ya zama wajibi a rubuta yarjejeniya, a sa lokacin dahuwa da lokacin rabo. Idan amarya za ta makara, a ciyar da jama'a a kan lokaci, ta zo ta same su. Abin da ya yi saura ya wuce ƙa'ida a zubar, kada a ɗura a leda a ce sadaka ce ga almajirai. Cikinsu ba bola ba ne.

Ya zama wajibi masu ɗakunan taro su hana kowace mota tsayawa a bakin ƙofar fita ko a jikin rumfa, su duba tukunyar gas da tiyonta, su ga abin kashe gobara da idonsu. Kuɗin haya kuke karɓa. Rayukan da ke ciki suna wuyanku.

Ya zama wajibi gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su yi wa motocin nan rajista ɗaya da za ta bi su duk inda suka je, su manna shaidar bincike a jikin taga inda kowa zai gani, su dawo wa duba-gari da haƙoransa. Kada a jira sai an jera gawarwaki sannan a kafa kwamiti.

Ya zama wajibi limamai su faɗa a kan mumbari, masu unguwanni su faɗa a ƙofar gida, 'yan jarida su faɗa a rediyo, cewa ciyar da baƙo amana ce, kuma ba ta sauka daga wuyan mai gida don ya yi hayar wani.

Kuma ya zama wajibi, sama da komai, mu daina rufa wa cuta asiri. Idan mutum biyu ko uku da suka ci abinci a taro ɗaya suka kama amai da gudawa, a fara ba su ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, a gaya wa likita inda aka ci da abin da aka ci. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan ɓarkewar cututtuka. A sanar da shi ranar, ba bayan mako ba. A kira sauran waɗanda suka halarta, musamman masu ƙananan yara da tsofaffi, domin su ne ruwan jikinsu yake saurin ƙarewa.

Kai da kake da biki a gabanka, kati ya fita, an tsayar da rana: kafin ka tura kuɗin nan, tashi ka je ka leƙa cikin motar. Idan ba za ka iya ba wa ɗanka abin da ka gani ba, kada ka ba wa 'ya'yan mutane.