Idan Dattijo Ya Riƙa Faɗuwa Ta Baya: Yadda Ake Gano Cutar PSP

A watan Afrilun 2023, Jennifer Wexton, 'yar majalisar wakilan Amurka daga jihar Virginia a lokacin, ta sanar cewa tana fama da cutar Parkinson. Ba a yi wata shida ba, a Satumba, ta sake fitowa ta ce likitocinta sun sauya magana: abin da ke damunta wata cuta ce da ake kira PSP, wadda ta fi Parkinson gaggawa da tsanani. Haka ya faru da mawaƙiya Linda Ronstadt, wadda ta bayyana a 2013 cewa Parkinson ce ta raba ta da waƙa, sai a 2019 aka gane PSP ce. Shi kuwa ɗan wasan Ingila Dudley Moore, kafin ya faɗi abin da ke damunsa a 1999, an yi ta tsegumin cewa maye ne ke sa shi tangaɗi da sarƙewar harshe. Ya rasu a 2002.

Waɗannan mutane ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma manyan asibitoci ba. Abin da ya sa aka daɗe ana lalube shi ne, har yau babu gwajin jini ko wata na'ura da za ta nuna PSP kai tsaye. Da kunne da ido ake gano ta: likita ya saurari labari da kyau, sannan ya duba yadda idon mara lafiya ke motsi. Ni da nake duba dattawa a asibiti, na ga ya dace iyalai su san alamunta, domin rabin aikin a bakinsu yake.

Wace irin cuta ce?

A 1964 ne wasu likitoci uku a birnin Toronto na Kanada, John Steele da Clifford Richardson da Jerzy Olszewski, suka wallafa bayanin maza tara masu alamu iri ɗaya: faɗuwa, sandarewar wuya, sarƙewar magana, da gazawar ido wajen kallon sama da ƙasa. Daga baya bincike ya nuna cewa wani furotin mai suna tau, wanda aikinsa tallafa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, shi ne ke dunƙulewa ya taru a cikinsu har su mutu. Ɓarnar ta fi yawa a saman jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da laka, inda ake sarrafa motsin ido da daidaiton tsayuwa.

Ba ta da yawa: kusan mutum 5 zuwa 7 a cikin 100,000. Ba a cika ganin ta kafin shekara 40 ba, galibi tana farawa ne bayan an haura 60. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma a mafi yawan lokuta ba gado ba ce.

Labarin da nake nema

Yawanci ɗa ko 'ya ke fara magana. "Likita, Baba faɗuwa yake yi." Tambayata ta farko ita ce, ta gaba ko ta baya? Ta biyu, tun yaushe? Mai Parkinson kan yi shekaru da dama kafin ya soma faɗuwa, yana tafiya a sunkuye, hannu ɗaya na karkarwa. Mai PSP kuwa da faɗuwa yakan fara. Tsaye yake ƙyam, wuya a miƙe ko ma a ɗan karkace baya, sai kawai ya tafi ta ƙeya ba tuntuɓe ba jiri. Yakan yunƙura daga kujera da hanzari ba tare da lissafi ba, ya koma ya zube. Karkarwar hannu ba ta cika zuwa ba, kuma sandarewar ta fi kama wuya da gadon baya, dama da hagu daidai.

Sai in tambayi cin abinci. A nan mata da 'ya'ya mata suka fi ba da amsa mai amfani. Za su ce gaban rigarsa kullum da miya, loma na zuba kafin ta kai baki, ko ya cinye abin da ke gefen kwano na nesa ya bar na kusa da shi. Wani ya daina karatun Alƙur'ani da ya saba bayan asuba, ya ce layi na ɓace masa. An kai shi wajen likitan ido, an sauya tabarau, ba ta sauya zani ba. Saukowa daga matakala ta zama abin tsoro. Duk wannan abu ɗaya ne: idonsa ba ya iya kallon ƙasa.

Akwai kuma sauyin hali, wanda shi ya fi cin ran iyali. Dattijo mai hira ya koma shiru, ba ruwansa da harkar gida, amsa na fitowa a makare, wani lokaci dariya ko kuka su ɓarke masa ba dalili. Daga nan ne ake fara zancen tsufa, ko ruɗewa, ko sammu.

A ɗakin dubawa

Nakan zauna daf da shi, in ɗaga babban yatsa sama da goshinsa, ɗayan kuma ƙasa da haɓarsa. "Baba, kada ku motsa kai. Ku kalli na sama. Yauwa. To, ku kalli na ƙasa." Idon mai lafiya tsalle ɗaya yake yi, ba ka ma ganin tafiyarsa. Na mai PSP kuwa kana ganin yana jan jiki a hankali, wani lokaci ya ɗan lanƙwasa gefe kafin ya isa. Idan na mayar da yatsun dama da hagu, sai ya yi sauri abinsa. Wannan bambanci shi ne alamar farko, kuma tana iya bayyana tun kafin idon ya kasa sauka gaba ɗaya.

Daga nan sai in ce ya kafa ido a kan hancina, in riƙe kansa da hannu biyu in ɗaga haɓarsa sama a hankali. Idon da ɗazu ya ƙi sauka, sai ga shi ya gangara ƙasa sumul. Wato jijiyoyi da tsokar idon lafiyarsu ƙalau, umarnin da ke zuwa daga sama ne ya yanke. Doki na nan da ƙarfinsa, linzami ne ya tsinke.

Nakan lura da fuska: goshi a tattare, ido a buɗe kamar mai mamaki, ƙiftawa jefi-jefi. Wasu kuma idan suka rufe ido sai buɗewa ta gagara, har su sa yatsa su ɗaga fatar. Sai in tsaya a bayansa, in gargaɗe shi, in ja kafaɗunsa baya. Mai lafiya taku ɗaya ko biyu zai yi ya tsaya. Mai PSP kan taho gaba ɗaya sai na tare shi. A ƙarshe in tafa sau uku in ce ya yi kamar yadda na yi. Da yawa sukan wuce uku, su kasa tsayawa.

A 2017 ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta fitar da sababbin ƙa'idojin gano cutar, ta tara alamun gida huɗu: matsalar motsin ido, faɗuwa a cikin shekara uku na farko, nauyin jiki da sandarewa, sai raunin tunani ko magana. Ƙa'idojin sun kuma yarda cewa cutar ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai nau'in da ke fara kama da Parkinson sak, har da karkarwa, sai bayan shekaru ido ya tona asiri. Shi ya sa likitan kirki kan ce a dawo bayan 'yan watanni ya sake dubawa. Ba jan rai ba ne, lokaci ma ɗaya ne daga cikin gwaje-gwajen.

Magani da hoto

Kusan kowa za a gwada shi da levodopa, maganin Parkinson. Mai Parkinson kan ji sauƙi a fili. Mai PSP sauƙin kaɗan ne, ko na ɗan lokaci, ko babu sam. Wannan rashin tasiri shi kansa shaida ne, don haka a gaya wa likita gaskiya, kada kunya ta sa a ce "da sauƙi".

Hoton MRI na ƙwaƙwalwa yana da amfani biyu. Yana kawar da cututtukan da ke kwaikwayon PSP, kamar ƙananan toshewar hanyoyin jini da hawan jini ke jawowa, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, da ƙari. Wasu daga cikinsu suna da magani, don haka ba a wasa da wannan mataki. Yana kuma iya nuna tsukewar saman jijiyar nan da ta haɗa ƙwaƙwalwa da laka, inda ta gefe take fitowa da siffar ɗan tsuntsu mai dogon baki. Amma a farkon ciwo hoton na iya fitowa lafiya lau. Tabbacin ƙarshe sai an duba ƙwaƙwalwa bayan rasuwa, shi ya sa likita ke cewa "ga dukkan alamu".

Amfanin sanin suna

Har yanzu babu maganin da ke warkar da PSP ko ya tsayar da ita, kuma yawancin masu ita kan rayu shekara 6 zuwa 8 daga fara alamu. Akan tambaye ni, to mene ne amfanin sani? Amsata ita ce, abubuwa biyu ke kayar da masu wannan cuta: faɗuwa da ƙwarewa, wato abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya haifar da ciwon huhu. Duka biyun ana iya rage su. A ɗaga kwanon abinci zuwa saitin ido maimakon ajiye shi a tabarma. A zaunar da shi a miƙe, loma ƙanana, a ba shi abin sha mai kauri irin kunu idan ruwa na sarƙe shi. A kawar da butoci da takalma daga hanya, mai rakiya ya tsaya ta baya. Ya yi salla a zaune. A nemi masu gashin ƙashi su koya masa tashi da juyawa. Sannan iyali su huta da yawon neman magani da ke cinye dukiya, su kuma daina zargin dattijo da taurin kai ko zargin wani da hannu a ciki.

Idan kuna da wanda ya haura 50 yana yawan faɗuwa ta baya, yana kukan ido alhali tabarau bai taimaka ba, ko an ce Parkinson ce amma magani ya ƙi aiki, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ana samun su a asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ku rubuta lokacin da faɗuwar ta fara, ku ɗauki bidiyon tafiyarsa a waya, ku tafi da duk magungunan da yake sha, kuma wanda ke kwana da tashi da shi ya kasance cikin masu rakiya.