Ziyarar Kuala Lumpur ba tare da ɗan ejan ba: yadda ake shirya ta

Iyaye da dama a ƙasar Hausa sun san sunan Malesiya ta dalilin 'ya'yansu da suka tafi karatu can, amma kaɗan ne suka taɓa tunanin zuwa babban birninta, Kuala Lumpur, don hutu kawai. Waɗanda suka yi niyya kuma yawanci sukan miƙa komai ga ejan, ya yanka musu farashi, ya zaɓa musu masauki, ya tsara musu kwanaki. Alhali birnin yana cikin mafi sauƙin sha'ani ga wanda zai shirya wa kansa tafiya, muddin ya yi kowane abu a lokacinsa. Hausawa sun ce tun ranar gini, tun ranar zane.

Takardu ne farko. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya tashi, kuma dole fasfonsa ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare. Wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar zai nuna katin allurar rigakafin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba a barin ta sai makon tafiya. Akwai kuma katin sanar da isowa mai suna MDAC, wanda ake cikewa kyauta a intanet cikin kwana 3 kafin sauka. Tikitin dawowa da shaidar kama masauki su kasance a hannu, domin jami'an shige da fice sukan nemi gani. Hikima ita ce kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a wurare irin su Doha ko Istanbul. Agogon Malesiya yana gaban namu da awa 7, saboda haka ranar farko ta hutawa ce, kada a cusa mata yawo. Filin jirgin KLIA yana Sepang, kudu da birnin, kuma jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yakan kai mutum tashar KL Sentral cikin kusan minti 30.

A nan ne babban sirrin shirin yake: a kama masauki kusa da tashar jirgin ƙasa. Titunan birnin sukan cushe safe da yamma, jiragen LRT da MRT da Monorail kuwa suna ratsa kusan duk inda baƙo zai so zuwa. Da katin Touch 'n Go ɗaya ake shiga su duka, inda kuma jirgi bai kai ba a kira mota ta manhajar Grab. Otal mai araha da ke nesa da tasha yakan cinye rarar da aka samu a kuɗin mota. A sa harajin yawon buɗe ido a lissafi, ringgit 10 kan kowane ɗaki a kowane dare ga baƙi 'yan ƙasar waje.

Yanayin garin shi zai tsara maka yini. Zafi ne mai gumi duk shekara, ruwan sama kuma yakan sauko da ƙarfi bayan azahar ko wajen la'asar, musamman daga Oktoba zuwa Disamba da kuma Maris zuwa Afrilu. Don haka wuraren fili na safe ne. A fara da Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai inda kogunan Klang da Gombak suka haɗu, wurin da masu haƙar kuza suka kafa garin a 1857. Daga nan a taka zuwa Dataran Merdeka, inda aka ɗaga tutar 'yanci ranar 31 ga Agusta, 1957. Idan hadari ya haɗu, a fake a Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke daf da Masallacin Ƙasa, inda ake ganin tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya. Tagwayen benayen Petronas, masu tsayin mita 452 da hawa 88, sun fi kyan gani da dare, amma tikitin hawansu yakan ƙare, gara a saya tun da wuri a intanet. Kogon Batu, wurin ibadar mabiya Hindu mai matakala 272, jirgin KTM Komuter yana kaiwa har bakinsa.

Musulmi ba zai sha wahalar ibada ko abinci ba. Kusan kowace babbar kasuwar zamani tana da ɗakin salla da suke kira surau, da wurin alwala a gefe, ɓangaren maza daban na mata daban. Musulmin ƙasar Shafi'awa ne, saboda haka za ka ji liman ya ɗaga murya da alƙunuti a sallar asuba. Duk da haka birnin na Malay ne da Sinawa da Indiyawa, kuma a titin abinci na Jalan Alor akwai rumfunan da ke sayar da naman alade da giya, sai a duba tambarin halal na hukumar JAKIM ko a tambaya. A unguwar Kampung Baru kuwa sai a ci hankali kwance: nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a ganyen ayaba, da yajin sambal da gyaɗa da dafaffen ƙwai, ko satay, wanda tamkar tsire ne da ake tsomawa a miyar gyaɗa.

Gargaɗi ɗaya ya fi duk sauran nauyi. Dokar Malesiya kan miyagun ƙwayoyi tana iya kaiwa ga hukuncin kisa. Al'adarmu ta karɓar saƙon ɗan uwa ko maƙwabci a filin jirgi ba ta da gurbi a wannan tafiya. Duk ƙunshin da ba kai ka ɗaure shi ba, kada ya shiga jakarka, kuma maganin da likita ya rubuta maka ya tafi cikin kwalinsa tare da takardar likitan.

Kwana 5 zuwa 7 sun isa a ga birnin ba da gaggawa ba, har a ware yini guda don zuwa tsohon birnin Melaka, tafiyar kusan awa 2 a bas daga tashar TBS. A zaɓi wuri biyu ko uku kacal a kowace rana, a bar yini ɗaya babu tsari don sayayya a Jalan Tuanku Abdul Rahman ko komawa inda ya fi burge ka. Wannan damar ta sauya shawara da safe, ba tare da jiran motar ayari ba, ita ce ribar da mai shirya wa kansa tafiya ke samu a kan wahalar da ya sha tun daga gida.