Daga Gurbin Dara Zuwa Gilashin Salula: Aro Ne Ko Sata?

Wanda duk ya ratsa Tsibiri da la'asar zai tarar da dattawa a inuwa sun haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wani da tsinke, wani da tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗan abokin karawarsa. Wannan ita ce dara, kuma ba wanda ya san sunan mutumin da ya ƙago ta.

A fadar matasa ta Maradi kuwa, kai sunkuye yake bisa salula, ana buga Candy Crush, wasan da kamfanin King ya fitar a 2012. Mene ne dokarsa? A jera alewa uku masu launi ɗaya, su ɓace. Ba daga dara aka ɗauko shi ba, ko da yake dattijon Tsibiri zai gane shi nan take. Daga Bejeweled na 2001 ya yi aro, shi ma Bejeweled ya tarar da Shariki, wanda wani ɗan Rasha ya tsara a 1994. Abin da King ya ƙara shi ne matakai masu yawa, kowane da nasa buƙata, da ƙayyade yawan motsin da ɗan wasa zai yi kafin ya faɗi. Ƙarin nan ya sauya wasan sarai, domin yanzu sai an yi lissafi kafin a taɓa, kamar dai a dara. A ganinmu wannan ya isa a kira shi sabon aiki.

Ludo ma da ake bugawa a gidajenmu, asalinsa pacisi ne na ƙasar Indiya, aka yi masa rajista a Ingila a 1896.

To, ina iyakar aro? Wata kotu a Amurka ta shata ta a 2012. Kamfanin da ke riƙe da Tetris, wasan da Aleksei Pajitnof ya ƙago a Mosko a 1984, ya kai ƙarar masu wani wasa mai suna Mino. Kotun ta yarda cewa dokar wasa ba mallakar kowa ba ce, amma ta tarar masu Mino sun kwafi siffar tubalan da fasalin filin har ido bai iya rarrabe su, saboda haka ta ba Tetris gaskiya.

Wannan hukunci na Amurka ne, amma ya kamata hukumar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha a Nijar, da matasanmu masu koyon kwamfuta, su yi nazarinsa. Ɗan Tsibiri ko na Jiratawa da ya sa dara cikin salula ba zai iya hana wani yin haka ba, ko da baƙo ne daga wata ƙasa. Abin da zai iya karewa shi ne zanensa, da sautinsa, da rubutun da ya yi wa na'ura don ta iya karawa da gwanin dara.